Wa ya ce a saka? Tambayar da kwamfutar makaranta ba ta iya amsawa

Ina so kowane darektan makaranta da ke da ɗakin kwamfuta, ko da injuna biyar ne a ciki, ya kira wanda ke riƙe da makullin ɗakin ya yi masa tambaya guda: cikin manhajojin da ke kan injunan nan, wacce ce wani mutum ya nema da bakinsa, wacce ce kuma ta shigo don wata manhaja ta ce ba ta aiki sai da ita? Ina kyautata zaton shiru za a ji. Wanda ya girka su tun farko ma'aikacin ƙungiyar da ta kawo kyautar ne, ya yi kwana biyu ya koma Yamai. Mushen da ya biyo baya ya ƙara nasa, aka yi masa canjin wurin aiki. Na yanzu ya tarar da inji cike maƙil, mai nauyin tashi, yana kallon jerin sunayen da bai san mafarinsu ba, yana kuma tsoron goge ko ɗaya kada abin da ke tafiya ya tsaya.

Ra'ayina shi ne duk abin da aka saka a kwamfuta a ajiye dalilin saka shi tare da shi, a kuma raba zaɓin mutum da larurar wata manhaja. Inda na'ura ta iya riƙe wannan bambanci, mu koyi yadda ake tambayarta. Inda ba ta iya ba, mu riƙe shi da biro a cikin kaye. Masu rubuta manhaja sun daɗe suna kokawa da wannan matsala, kuma mai kula da injunan ɗalibai zai ƙaru da sanin abin da suka warware da abin da har yanzu ya gagare su.

Bari in fara da iyaye, don su ne ba a saba yi wa wannan bayani ba. Manhaja ba ta tafiya ita kaɗai. Ɗauki GCompris, tarin wasannin koyon ƙidaya da haruffa na ƙananan yara, wanda wani Bafaranshe mai suna Bruno Coudoin ya fara a shekarar 2000. Idan malami ya ce a saka shi a kwamfuta mai tafiya da Debian ko Ubuntu, zai sauko tare da wasu ƙananan ƙunshi da yake dogara da su: wanda ke zana tagogi da maɓallai a allo, wanda ke fitar da sauti, wanda ke buɗe hotuna. Kamar a wurin biki ne. Ka gayyaci mutum ɗaya, ya zo da ƴan rakiya. Ba ka san sunayensu ba, amma ba ka da ikon sallamarsu muddin shi yana zaune. Idan kuwa ya tashi ya tafi, su suka ci gaba da zama suna jiran tuwon dare, to akwai magana. Abin da ke rikita lissafin shi ne ɗan rakiya ɗaya kan iya rako baƙi biyu ko goma, don haka tafiyar baƙo ɗaya ba ta isa a ce masa ya tashi ba.

Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, da Ubuntu da ya fito daga jikinsa a 2004, suna da magatakarda mai kula da shiga da fitar ƙunshi, sunansa APT. Dabarar da aka ba shi mai sauƙi ce. Duk ƙunshin da ya shigo a matsayin ɗan rakiya, sai ya yi masa alama a wani ƙaramin fayil, /var/lib/apt/extended_states. Wanda ba shi da alamar, mutum ne ya gayyace shi. Idan ka rubuta apt-mark showmanual zai jero maka gayyatattu, apt-mark showauto kuma ƴan rakiya. Ranar da ka cire wata manhaja, zai duba ko akwai ƴan rakiyar da ba su da sauran wanda suke bi, ya sanar da kai. Injunanmu galibi da Faransanci suke magana, don haka malamai da yawa sun taɓa ganin layin nan: «Les paquets suivants ont été installés automatiquement et ne sont plus nécessaires». Umarnin apt autoremove shi ne ke share su. Arch Linux da FreeBSD ma suna riƙe irin wannan alama a nasu tsarin. A wannan matakin, aikin ya yi kyau.

Amma alamar tana faɗin yadda abu ya shigo ne kawai. Ba ta san abin da ya zama daga baya ba. Ga misalin da ya shafe mu kai tsaye. Nijar tana da makarantu masu koyarwa da harsunan gida tun shekarun 1970, kuma kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Malamin da ke buga darasin Hausa yana buƙatar salon rubutu mai ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kuma ba kowane salo ke da su ba. A ce wani salo mai kyau ya shigo injin a matsayin ɗan rakiyar wata manhaja. Malam ya gan shi a LibreOffice, ya so shi, ya tsara takardun jarrabawar shekara biyu da shi. Wata rana wani ya cire manhajar da ta kawo shi, ya bi da autoremove don a sami wuri. A wajen APT babu kuskure: ɗan rakiya ne, wanda ya rako ya tafi. A wajen malam kuwa takardunsa sun karkace, haruffa masu ƙugiya sun fito da wani salo dabam a tsakiyar kalma, ko sun koma akwatuna. Maganin layi ɗaya ne, apt-mark manual da sunan ƙunshin, wato ka ce wa magatakarda daga yau wannan baƙona ne. Sai dai dole a sami wanda ya san yana dogara da abin kafin a share shi. Shi ya sa nake ba masu koyar da Hausa shawara su saka salon da suke so da hannunsu tun farko, irin Andika na SIL wanda aka tsara domin masu koyon karatu, kada su jingina da wanda ya faɗo musu.

Akwai kuma juyin wannan. Idan ka ba da umarnin saka abin da yake nan tun da a matsayin ɗan rakiya, APT zai mayar da shi gayyatacce. Mai gyara da ke kwafo umarni daga intanet yana liƙawa ɗaya bayan ɗaya don neman maganin wata matsala, kafin ya tashi ya mayar da ƴan rakiya da dama masu gida, kuma autoremove ba zai sake taɓa su ba har abada.

Yanzu ga inda matsalar ta fi wuya, wato zaɓin da ake yi lokacin haɗa manhaja. Debian da Ubuntu kamar mai sayar da ɗinkakkun kaya ne a kasuwa, rigar da ka tarar ita za ka ɗauka. Akwai tsarin da ke tafiya kamar tela, fitacce cikinsu Gentoo, wanda Daniel Robbins ya kafa, sigarsa ta farko ta fito a 2002. A nan yadi kake kaiwa: ana sauko da asalin rubutun manhajar, injinka ne zai haɗa ta, kai kuma ka faɗi abin da kake so a ciki. Kana son ta iya buga takarda? Kana son sauti? Kowane ɗaya yana da makunni da suke kira USE, ka kunna ko ka kashe. Amfaninsa shi ne tsohon inji ba zai ɗauki kayan da ba ya buƙata ba.

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san cewa abin da ke jikin riga iri biyu ne. Aljihu kai ka ce a sa. Shafi kuwa wataƙila ba ka ambata ba, tela ne ya ce aikin da ka zaɓa a wuya ba zai zauna a wannan yadi ba sai da shafi, ka ce to. Baɗi ka koma ka ce a yi maka irin ta bara amma ban da aikin wuya. Telan da ya riƙe dalili zai bar aljihu ya cire shafi. Wanda ya rubuta «aljihu, shafi» kawai a kayensa zai sake sa maka shafi, ka biya kuɗinsa, ka sha zafinsa a watan Afrilu, ba tare da ɗayanku ya tuna abin da ya kawo shi ba.

Haka ke faruwa a Gentoo. Zaɓin mutum ana rubuta shi a /etc/portage/package.use. A ce kana so ka saka kayan buga takarda na CUPS, sai Portage, magatakardan Gentoo, ya tsaya ya ce wani ƙunshi da ake dogara da shi, misali Ghostscript, sai an haɗa shi da makunnin cups a kunne. Zai nuna maka layin da za a ƙara, har ma yana iya rubuta maka shi idan ka amince, tare da ɗan bayani a samansa cewa wane ne ya buƙaci haka. Amma bayanin nan don idon mutum aka yi shi, injin tsallake shi yake yi. Daga ranar, layin larura yana zaune a wuri ɗaya da layukan da ka rubuta don ra'ayinka, da daraja ɗaya. Idan bayan shekara ka cire manhajar da ta jawo shi, umarnin shara na Gentoo, emerge --depclean, zai kwashe ƙunshin da suka zama marayu, amma ba ya taɓa wancan fayil. Makunnin na nan a kunne. Abin da ya fi haka ciwo, makunni kan jawo nasa ƴan rakiyar, kuma muddin yana kunne Portage zai ɗauke su a matsayin waɗanda ake buƙata. Layi ɗaya da aka manta yana iya riƙe tarin kaya a cikin inji shekara da shekaru, ana sauko da sabbin sigoginsu, ana ɓata awoyi wajen haɗa su.

Masu amfani da Gentoo sun samo dabarar hannu. Suna mayar da package.use babban jaka mai fayiloli da yawa, su ware ɗaya mai suna da ke farawa da zz, domin Portage a fayil na ƙarshe a jerin haruffa yake zuba abin da ya rubuta da kansa. Ta haka nasu na gefe ɗaya, na larura na gefe ɗaya, kuma lokaci-lokaci mutum na iya share na larurar ya ga wanne za a sake nema. Dabarar tana aiki, amma a ganina shaida ce cewa akwai giɓi a tsarin. Injin da ya san dalili a ranar da ya nemi canjin, bai kamata ya wurgar da sanin ya bar wa mutum aikin tunawa ba.

Wasu sun bi wata hanya. Homebrew, wanda masu kwamfutar Apple ke amfani da shi, ya cire irin waɗannan zaɓuɓɓuka daga babban rumbunsa a 2019, saboda yawan haɗe-haɗen da ba a iya gwadawa duka. Tela ya gaji, ya koma sayar da ɗinkakku. MacPorts kuwa yana rubuta zaɓin da mutum ya nema da bakinsa a gurbi na dabam da wanda ya zo bisa al'ada, don idan al'adar ta canza a sabuwar siga, a bi sabuwar a inda mutum bai ce komai ba, a kuma girmama maganarsa a inda ya yi magana. Na fahimci uzurin Homebrew, amma hanyar MacPorts ta fi kwanta mini. Wanda ke da sabon inji da intanet marar yankewa ba ya jin nauyin kayan da bai nema ba. Mai tsohon inji shi ne ke buƙatar zaɓi, kuma zaɓin ba ya daɗewa yana amfani idan ba a riƙe wanda ya yi shi ba.

Na san abin da wani malami zai ce: wace makaranta ce a Maraɗi ko Damagaram ke tafiya da Gentoo? Da wuya a sami ko ɗaya, kuma ba na ba kowa shawarar ya kai shi ɗakin ɗalibai inda kuran ke ɗaukewa ana tsakiyar haɗi. Na kawo shi ne don a can matsalar ta fito fili, ana ganin layin da ido. A Windows, wanda ya fi yawa a injunanmu, tana nan a ɓoye. Buɗe jerin manhajojin kowane tsohon inji za ka ga Microsoft Visual C++ Redistributable an jera shi sau da yawa, na 2008, na 2010, na 2013, da na bayansu. Kowanne wata manhaja ce ta zo da shi, amma jerin ba ya faɗin wacce. Ba ka san wanda maigidansa ya tafi ba, ba ka san wanda manhajar lissafin makin ɗalibai ke tsaye a kansa ba. A nan ko alamar da APT ke yi babu.

Iyaye ma suna riƙe da irin wannan a aljihu. Salula ta cika, yaro ya karɓa don ya rage kaya, ya ga wani abu mai suna Android System WebView, bai san shi ba, bai taɓa buɗe shi ba, sai ya kashe. Alhali manhajoji da dama da shi suke nuna shafukan intanet a cikinsu. A watan Maris na 2021 wata sabuntawa marar kyau ta wannan guntu ɗaya ta sa Gmail da wasu manhajoji masu yawa suka riƙa rufewa da kansu a wayoyin mutane a faɗin duniya, har sai da Google ya fitar da gyara. Abin da ya kamata yaro ya koya, kuma a lakwal ya kamata ya koye shi, shi ne rashin sanin sunan abu bai nuna ba a buƙatarsa ba. Kafin a goge a tambaya wa ke tsaye a kansa. A Debian akwai ma umarnin yin tambayar, aptitude why da sunan ƙunshin, zai nuna maka sarƙar daga gayyatacce har zuwa shi. Darasin minti ashirin ne ga ɗaliban koleji, kuma ya fi haddace sunayen sassan kwamfuta amfani.

Sai amsar da masu gyara suka fi so: a yi formate a huta. Ga wanda za a biya kuɗin aikin, amsa ce mai daɗi. Ga makaranta kuwa, formate yana nufin a sake sauko da komai da forfen da iyaye suka tara jika-jika, a sake neman tsarin allon rubutu mai haruffan Hausa da wani ya sha wahala ya daidaita, a sake lallashin tsohon injin buga takarda ya yarda ya yi magana da kwamfuta. Kuma da wane jeri za a sake sakawa? Wanda bai san abin da aka zaɓa ba kafin formate, ba zai san shi bayansa ba. Zai saka abin da ya tuna, sai tsakiyar zango malamin lissafi ya zo neman GeoGebra a tarar babu. Barin kayan ma ba kyauta ba ne. Kowace manhaja da ke zaune tana cin wuri a rumbu, tana cin intanet duk ranar sabuntawa, idan kuma aka daina sabunta ta don tsimi, ta zama ƙofar da aka bari ba sakata a injin da yara ke cusa wa kle ɗin USB daga ko'ina.

Abin da nake roƙo bai kai nauyin rajistar kira ba, don na san aikin da ke wuyan malamai. Ranar da injuna suka iso, kafin kowa ya ƙara komai, a ajiye jerin da apt-mark showmanual ya bayar a fayil, a kuma buga shi a takarda. Wannan matakin yana da muhimmanci saboda jerin yana haɗawa da abubuwan da tsarin ya saka wa kansa lokacin girkawa, sai an gwada da na ranar farko ake gane abin da mutane suka ƙara. Daga nan duk wanda ya saka wani abu ya rubuta layi ɗaya a kayen da ke ɗakin: sunan manhaja, wanda ya nema, don wane aji ko wane aiki. Idan an saka shi ne don wata manhaja ta ƙi tashi sai da shi, a rubuta sunan waccan manhajar a gurbin dalili. Wannan gurbi na ƙarshe shi ne wanda Gentoo ya bari a bayanin da inji ba ya karantawa, shi ne wanda Windows bai tanada ba sam. Ubuntu da Debian suna ajiye tarihin umarnin da aka bayar da ranakunsu a /var/log/apt/history.log, har da sunan asusun da ya bayar, amma tsofaffin shafukan tarihin kan goge da kansu bayan wani lokaci, kuma ko suna nan ba za su gaya maka cewa don ƴan CM2 aka saka ba.

Ga kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye kuma: idan malami zai bar makaranta ana ƙirga tebura da littattafai kafin a sa hannu. A ƙara kayen nan cikin abin da ake miƙawa. Idan wata ƙungiya ta kawo kyautar injuna, a yi godiya, sannan a nemi ma'aikacinta ya bar jerin abin da ya saka da dalilinsa, da kalmar sirrin mai iko da injin, kafin motarsu ta tashi. Duk mai gyaran da aka kira daga gari shi ma ya cika layinsa kafin a biya shi.

Wanda kuma ya gaji ɗaki ba kaye ba jeri, kada ya fara da gogewa. Ya rubuta apt autoremove ya tsaya a inda aka tambaye shi ko a ci gaba, ya ce a'a, ya kwafe sunayen. Ya zagaya da su wurin malaman da ke amfani da ɗakin, musamman duk suna da ya fara da fonts, da duk wanda ya shafi injin buga takarda. Wanda aka ce ana so, ya yi masa apt-mark manual ya rubuta shi a shafin farko na sabon kaye da sunan malamin da ya nema. Sauran ya share su a inji ɗaya tak, ya bar shi ya yi mako guda ana aiki da shi, kafin ya taɓa na biyu.